Tsayar da layin dogo na HS2 a Birmingham: tattalin kuɗi ne ko asara?

Ɗalibi a Manchester ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa da suka daɗe a Birtaniya a kan wata magana da ta ƙi fita daga raina. Ban cika wata guda da zuwa karatu Manchester ba, ranar 4 ga Oktoba 2023, Firaminista Rishi Sunak ya tsaya a taron jam'iyyarsa ta Conservative a cikin wannan birni, a zauren da asalinsa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce, ya sanar da cewa layin dogo mai matuƙar gudu na HS2 ba zai ƙaraso nan ba. Ya ce za a kammala sashen Landan zuwa Birmingham, sannan fam biliyan 36 da aka tsara kashewa a kan ragowar aikin za a rarraba su ga tituna da motocin bas da ƙananan layukan dogo.

A lokacin na ɗauka shawara ce ta hankali, domin duk magidancin da ya ga gini ya fi ƙarfin aljihunsa rage ɗakuna yake yi. Amma a watan jiya na je Landan ranar Juma'a da yamma, na dawo a tsaye a bakin ƙofar tarago da jakata tsakanin ƙafafuna har muka wuce Stoke, alhali na biya kuɗin tikiti mai tsada. Kafin in shiga jirgin kuma na zagaya gefen tashar Euston, inda aka tsara layin HS2 zai ƙare a Landan, na ga ƙaton fili da aka rushe gidajen mutane da shagunansu aka kewaye da katako, ba kowa a ciki. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin wannan yankewa ta cece kuɗin jama'a ne, ko kuwa an biya mafi tsadar ɓangaren an bar mafi amfaninsa? Kuma me ya sa tsofaffin firaministoci biyu na jam'iyyar Sunak, David Cameron da Boris Johnson, suka fito suka soki shawarar?

Injiniyan Gine-gine ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsayuwar da ka yi a bakin ƙofar tarago ita ce ainihin dalilin da aka ƙirƙiro wannan aiki, sai dai sunan da aka ba shi ya ɓatar da mutane da yawa. Da aka ce layi ne mai gudu, sai muhawarar ta koma kan ko ya dace a kashe biliyoyi don wani ɗan kasuwa ya isa Birmingham cikin minti 49 maimakon awa ɗaya da minti 20. In da wannan ce kaɗai ribar, ni ma da ban goyi baya ba. Matsalar da aka so a warware ita ce ta cunkoso. Babban layin yamma, wanda ya tashi daga Euston ya bi ta Rugby da Crewe har Glasgow, tushensa tun zamanin Sarauniya Victoria ne, don an buɗe sashen Landan zuwa Birmingham a 1838, kuma a kansa ne jiragen dogon zango da jiragen da ke tsayawa a kowace ƙaramar tasha da jiragen kaya duk suke bi.

Ga yadda abin yake a aikace. Jirgin da ba ya tsayawa yana buƙatar a share masa hanya mai nisa a gabansa, saboda idan aka saki mai tsaye-tsaye ko na kaya kafin shi, zai cim masa ya rage gudu. Saboda haka kowane jirgi mai sauri guda yana cinye gurbin da ƙananan jirage da dama za su iya shiga. Idan aka kwashe masu saurin aka mayar da su kan dogonsu na kansu, tsohon layin zai samu sarari ga mazauna garuruwa irin su Milton Keynes da Coventry, da kuma kwantenonin da a yanzu manyan motoci ke ja a kan titi. An taɓa gwada gyaran tsohon layin, aikin da aka kammala a 2008 bayan an kashe kusan fam biliyan 9 da shekaru ana rufe hanya a ƙarshen mako, kuma ba a daɗe ba ya sake cika.

Abin da ya fi damuna da shawarar 2023 shi ne inda aka yanke. Yanzu jiragen HS2 da za su wuce arewa za su sauko kan tsohon layin a Handsacre, kusa da Lichfield a arewacin Birmingham, gab da inda hanyar ta fi ƙunci, domin akwai wurin da dogo huɗu ke komawa biyu kafin a kai Stafford. Ka ga an kawo ruwan babban kogi an zuba shi a bakin ƙaramar magudana. Bayan haka, yawancin jiragen dogon zango da ke aiki a layin yanzu suna iya karkata jikinsu a kwana, shi ya sa suke riƙe gudunsu a lanƙwasa, amma jirage 54 da aka ba kamfanonin Hitachi da Alstom kwangilarsu a 2021 ba a ƙera su da wannan dabara ba, tunda an zaci a miƙaƙƙen dogo za su yi yawancin tafiyarsu. Tsawon kowanensu mita 200 ne, an shirya a riƙa haɗa biyu su zama mita 400, sai dai dandamalin tashar Piccadilly ta Manchester ba zai ɗauki mita 400 ba, guda ɗaya kuwa bai kai tsawon jirgi mai tarago 11 da kake hawa yanzu ba. A Yulin 2024 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya yi gargaɗi cewa kujerun da ke tsakanin Birmingham da Manchester na iya raguwa maimakon su ƙaru. Wannan ne ya sa nake ganin asara ce.

Ma'aikaciyar Jinya a Bradford ta amsa:

Injiniya, na gode da wannan bayani, kuma ban musanta ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa game da dogo ba, domin fanninka ne. Amma ka tsallake maganar kuɗi, ita ce kuwa ta kashe aikin. A 2012, lokacin da gwamnati ta amince da shi, an ce fam biliyan 32.7 zai gina duka, har reshen Manchester da na Leeds. A 2015 kasafin ya koma biliyan 55.7. Kafin Boris Johnson ya ba da umarnin a ci gaba a Fabrairun 2020, an riga an fara maganar zai iya haura biliyan 100. A farkon 2024 kuma shugaban kamfanin da ke aikin ya shaida wa 'yan majalisa cewa sashen Birmingham shi kaɗai na iya kai wa kimanin biliyan 66, wato ninki biyu na abin da aka ce zai gina komai. Ko an cire hauhawar farashi, wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. A asibiti, idan wani sashe ya wuce kasafinsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai an zauna da shugabansa an tambaye shi dalili, kuma ban ga abin da zai sa manyan 'yan kwangila su fi ƙarfin wannan tambaya ba.

Sannan a dubi inda kuɗin suka tafi. An haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 16 a tsaunukan Chiltern, galibi don kada mazauna yankin, waɗanda suna cikin masu hannu da shuni a ƙasar, su ga jirgi ko su ji ƙararsa. An gina wata rumfa mai kusan kilomita ɗaya a Buckinghamshire don kare jemagu, a kan fam miliyan 100. Ban raina hakkin dabba ba, amma ni da nake fitowa daga aikin dare da ƙarfe takwas na safe, in tsaya cikin ruwan sama ina jiran bas ɗin da allon tasha ya ce saura minti uku, sai ya ɓace daga allon bai zo ba, dole in auna wannan da wancan.

Mu da ke wannan ɓangare mun riga ku shan wannan ɗaci, ƙanena, domin tun Nuwamban 2021 aka datse reshen Leeds, kuma ba a yi hayaniya irin ta Manchester ba. Abin da yawancin abokan aikina ke bukata ba saurin zuwa Landan ba ne, wataƙila sau biyu suke zuwa a shekara. Bukatarsu ita ce tafiya tsakanin Bradford da Leeds da Manchester da Liverpool, inda tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba daga nan zuwa Manchester ke cin kusan awa guda. Da daga arewa aka fara aikin, aka haɗa waɗannan birane tukuna, da babu firaministan da zai iya barinsa bai kai Landan ba. Tunda aka fara daga kudu, ni tun farko na san mu ne za a sadaukar idan kuɗi suka yi wuya. A ganina, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dattijo a Birmingham ya amsa:

Hajiya ta taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi, amma ina so a lura da wani abu game da siyasar lamarin, domin na bi shi tun 2009 da gwamnatin Labour ta Gordon Brown ta kafa kamfanin. Babu babbar jam'iyyar da za ta wanke hannunta. Labour ta haife shi, gwamnatin haɗin gwiwa ta Cameron ta amince da shi, majalisa ta zartar da dokar sashen farko a 2017 da goyon bayan ɓangarorin biyu. Tsadar da Hajiya ke kuka da ita kuwa, wani kaso nata daga majalisar ya fito, saboda 'yan majalisa da dama da layin ya ratsa mazaɓunsu sun nemi a nutsar da dogon ƙarƙashin ƙasa ko a gina musu katangar tare ƙara, gwamnati kuma ta riƙa amincewa don a samu ƙuri'a. Duk da haka ba su tsira ba, don a Yunin 2021 Conservative ta rasa kujerar Chesham da Amersham ta yankin Chiltern da ta daɗe a hannunta, kuma fushin HS2 na cikin dalilan. Ga kuma sauye-sauyen shawara: tashar Euston an zana ta da dandamali 11, aka mayar 10, aka dakatar da aikin a Maris 2023, sannan aka ce 6 kuma da kuɗin 'yan kasuwa. Kowane sabon zane kuɗi ne, kowace dakatarwa kuɗi ce, domin injina da ma'aikata ba sa zama kyauta.

Game da biliyan 36 da ɗana ɗalibi ya tambaya, a yi hattara. Ba kuɗi ba ne da ke ajiye a baitulmali ana jiran a raba, kuɗi ne da za a ranto a hankali cikin shekaru masu zuwa. Jerin ayyukan da aka fitar a ranar ma an yi shi cikin gaggawa, har aka saka kai layin taragon cikin gari zuwa filin jirgin saman Manchester, wanda yake aiki tun 2014, kuma fam biliyan 8.3 daga ciki na gyaran ramukan titi ne a faɗin Ingila, har da Landan. Wannan ne ya fusata Andy Burnham, magajin garin yankin Manchester a lokacin, ya kuma sa Andy Street, wanda ɗan jam'iyyar Sunak ne kuma magajin garin yankinmu a lokacin, ya yi tunanin ajiye muƙaminsa kafin ya fasa.

Gwamnatin Labour da ta hau a Yulin 2024 ba ta dawo da reshen da aka soke ba. Abin da ta yi shi ne, a kasafin Oktoba na shekarar, ta ɗauki nauyin haƙa ramin da zai kai layin daga Old Oak Common da ke yammacin Landan zuwa Euston, don kada ya tsaya a gefen gari. A Yunin 2025 kuma Ministar Sufuri Heidi Alexander ta faɗa wa majalisa cewa ba zai yiwu a buɗe layin a 2033 ba. Ni ina wucewa ta Curzon Street, wurin tashar HS2 ta Birmingham, kusan kowane mako, ina ganin ginshiƙan kadarko suna tashi, kuma na san matasan unguwarmu da suka koyi sana'a a wurin. Ina son aikin, amma ba zan ce wa Hajiya ta amince da alƙawarin da aka saɓa mata sau biyu ba.

Injiniyan Gine-gine ya sake amsawa:

Hajiya, na karɓi gyara a kan kuɗi, kuma na yarda an fara gini kafin zane ya nuna, an kuma ba da kwangiloli ta yadda gwamnati ce ke ɗaukar kusan duk ƙarin da ya taso. Inda na saɓa da ke shi ne, a 2023 an riga an tashi rawar, ramukan Chiltern sun yi nisa, kadarkon kwarin Colne da ke kusa da Landan, mai kilomita 3.4, yana kan ginuwa, kuma babu mai dawo da waɗannan kuɗi. Sashen da ke biye, daga arewacin Birmingham zuwa Crewe, kilomita 58 ne kawai, yawancinsa a fili ne ba cikin birni ba, babu sabuwar babbar tasha a kansa, majalisa ta zartar da dokarsa tun Fabrairun 2021, kuma an riga an sayi gonaki da gidaje da dama a kan hanyarsa an biya masu su diyya. Shi ne zai tsallake ƙuncin da ke kusa da Stafford. Ko da za a rage masa gudu don a rage tsada, ina ganin a gina shi, kuma kafin nan kada a sayar da ko taku ɗaya na filin da aka saya, domin ranar da aka gina gidaje a kansa sai an sake biyan diyya daga farko.