Harafin alade a Chana da Japan: wa ya taɓa faɗawa?

Abban_Yiwu: Salam jama'a. Ƙanina zai tafi karatu Osaka ta Japan, na ce masa ya haddace 猪 kawai, harafin alade na Chana, in ya gan shi a jikin leda ya ajiye. Da shi na yi shekara huɗu ina sayayya a Yiwu ta Chana lafiya lau. Akwai ƙari?

Maman Hanif: Haba Alhaji, za ka jefa yaro a rami! A Japan 猪 aladen daji ne, na gida 豚 suke rubutawa, su ce buta ko ton. Satina na farko a Nagoya na ɗauko taliyar kofi an rubuta 豚骨, na juya ta gaba da baya ban ga 猪 ba na biya kuɗina, har na ɗora ruwa sai wata 'yar Indonesiya a kicin ta riƙe min hannu, ashe romon ƙashin alade ne. Ranar da shayi da biredi na kwana.

Ɗan Damagaram: Ni a Guangzhou tsorona ne ya yi yawa, na ga 河豚 na ce a'uzubillahi, abokina ya yi ta dariya wai kifi ne, wannan mai kumbura. Abin da ya kusa kama ni 肉 ne, nama kawai yake nufi amma in ka gan shi shi kaɗai a takardar abinci ba 牛 (sa) ba 羊 (tunkiya ko akuya) a gabansa to yawanci alade ne. Tun daga nan sai inda na ga 清真, wato halal, nake zama.

Malam Sani: Tushen 猪 da 豚 ɗaya ai, 豕, zanen alade ne da ƙatoton ciki da gajeren bindi, yana jikin ƙasusuwan duba na Shang, tsohuwar daular Chana, da aka tono a garin Anyang, sun haura shekara 3000. 豚 nama ne aka jingina da 豕, asali ɗan alade yake nufi, Japanawa suka mayar da shi na babba. Malaminmu a Wuhan da ya nuna mana 家, wato gida, rufi ne alade na ƙarƙashinsa, duk musulmin ajin sai muka kalli juna.

Abban_Yiwu: Kai, har gida ma? To na tura wa ƙanin nawa duka haruffan ya sa a fuskar wayarsa. Maman Hanif, man alade fa, ya suke rubuta shi a can?