Tauraron Achernar: me ya sa littattafai suka saɓa a kan zafinsa da girmansa?

Malamin Fizik, Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da fizik a wata makarantar sakandare da ke Gwale, kuma ina shirya wa 'yan aji shida darasi a kan zafin taurari da launinsu. Na zaɓi Achernar, wanda Larabawa suke kira Akhirun Nahar, domin shi ne na 9 wajen haske a taurarin dare, kuma ana ganinsa daga Kano ta kudu a wannan lokaci na sanyi. Da na shiga tattara bayani sai na tarar da abin da ya ɗaure mini kai. A wani wuri an rubuta cewa zafin fuskarsa digiri 15,000 ne a ma'aunin Kelvin, a wani wurin 17,000, a wani kuma bai kai 13,000 ba. Haka batun faɗinsa, wasu sun ce ya ninka na rana kusan sau 7, wasu sun ce sau 9. Ba na son in tsaya gaban yara in ba su lambar da ni kaina ban san tushenta ba. Wanne ne daidai a ciki?

Tambaya ta biyu ita ce, an sa shi a jerin taurarin da haskensu yake sauyawa. Na ga yana ƙyalƙyali ƙwarai, har yana yin kamar yana canza launi daga shuɗi zuwa ja. Shin wannan ne sauyin da ake nufi?

Tsohon Ɗalibin Kimiyya, Kabuga:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya saka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka koyar. Amsar tambayarka ta farko ita ce, duk lambobin nan da ka gani daidai ne, sai dai kowacce tana magana ne a kan wani sashe dabam na tauraron, kuma abin da ya jawo haka shi ne saurin juyawarsa.

Rana tamu tana juyawa a hankali. Ƙugunta, wato zagayen tsakiyarta inda ta fi faɗi, yana ɗaukar kimanin kwana 25 kafin ya zagayo, gudun da bai wuce kilomita 2 a sakan ba, shi ya sa take a mulmule kusan daidai ta kowane ɓangare. Achernar kuwa, duk da ya fi rana girma nesa ba kusa ba, yana kammala juyi ɗaya cikin kimanin kwana ɗaya da rabi, kuma ƙugunsa yana gudun da ya kusa kilomita 300 a sakan. Tauraro iskar gas ce mai zafi wadda ƙarfin jan nauyinta ne kaɗai yake riƙe da ita, babu dutse ko ƙasa a jikinsa da za su tauye siffarsa. Saboda haka idan juyi ya yi tsanani irin wannan, gas ɗin da ke ƙugu yakan tura waje, ƙuryoyin nan biyu na sama da na ƙasa su lotsa, tauraron ya baje kamar kabewa. Awon da aka fi dogara da shi ya nuna faɗinsa ta ƙugu ya fi tsayinsa daga ƙurya zuwa ƙurya da kimanin kashi 35 cikin 100. Wanda ya ce sau 7 ya auna ta ƙuryoyi ne, wanda ya ce sau 9 ya auna ta ƙugu.

Batun zafi ma daga nan ya taso, kuma a ganina shi ne abin da ya fi dacewa ɗalibanka su fahimta. Ƙuryoyin sun fi kusa da cibiyar tauraron, jan nauyi ya fi ƙarfi a wurin, kuma zafin da yake fitowa daga ciki ya fi kwarara ta nan. Ƙugu ya yi nisa da cibiya, ga juyi yana rage masa nauyi, sai zafin da yake isa gare shi ya ragu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hugo von Zeipel, shi ne ya fitar da lissafin wannan a 1924, tun ba a da na'urar da za ta tabbatar. A Achernar ƙuryoyi suna da zafin kimanin digiri 17,000, ƙugu yana ƙasa da 13,000 kaɗan, ita kuma 15,000 matsakaiciya ce da ake rubutawa don sauƙi. Tunda kai malamin fizik ne, ka san hasken da wuri mai zafi yake fitarwa yana ƙaruwa ne da zafin idan aka ninka shi a kansa sau 4. Idan ka ba yara wannan lissafi za su gano da kansu cewa taki ɗaya a ƙurya yana fitar da haske kusan ninki 3 na taki ɗaya a ƙugu. Ko mafi sanyin wurin ma ya ninka fuskar rana zafi fiye da sau 2, domin ita tana wajen digiri 5,800, shi ya sa hasken Achernar fari ne mai ratsin shuɗi.

Abin da ke biyo bayan wannan shi ne, yadda irin wannan tauraro yake bayyana ya danganta da inda mai kallo yake. Da duniyarmu tana saitin ƙuryarsa, da mun ga ya fi haka haske da shuɗi, da mun rubuta masa zafin da ya fi wannan. Tauraron Vega misali ne, domin ta wajen ƙuryarsa muke kallonsa, kuma an daɗe ana ɗaukarsa mai juyi a hankali kafin a gane cewa shi ma gudu yake yi.

Malama Mai Duban Sama, Tarauni:

Malam, sannu da ƙoƙari. Yayanmu na Kabuga ya warware ta farko, bari in ɗauki ta biyu. Ƙyalƙyalin da ka gani ba daga tauraron yake ba, daga iskar da ke saman Kano yake. Achernar yana can kudu sosai, kimanin digiri 57 kudu da ikwaitan sama, wato layin sama da ke saitin ikwaitan duniya, mu kuma muna digiri 12 arewa da ikwaita, don haka ko a lokacin da ya fi ɗagawa ba ya wuce digiri 21 daga ƙasa. Idan ka miƙe hannu ka dunƙule, dunƙule biyu ne kawai tsakaninsa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Haskensa sai ya ratsa iska mai kauri, ga ƙurar hunturu, ga zafin da rufin kwano da kwalta suke saki bayan magariba, duk suna karkatar da shi kafin ya iso ido. Kowane tauraro mai haske haka yake yi idan ya yi ƙasa.

Sauyin da masana suke nufi ido ba ya kama shi a Achernar, domin bai wuce kashi 6 cikin 100 na haskensa ba, sai da na'urar awo. Yana da tushe biyu. Na farko gajere ne, na kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, wanda ake dangantawa da motsin fuskar tauraron, inda wani sashe yake kumbura wani yana lafawa. Na biyu dogo ne, na shekaru, kuma shi ne ya sa aka sa shi cikin rukunin da ake kira Be. Saboda ƙugunsa ya kusa iyakar gudun da jan nauyi zai iya riƙewa, ɗan ƙarin turi kaɗan ya isa ya fizge gas daga jikinsa. Gas ɗin ba ya watsewa nan take, yakan yi faifai yana kewaya tauraron daidai saitin ƙugu. Hasken tauraron yana dukan haidurojin da ke cikin faifan, shi kuma ya fitar da nasa hasken a wasu launuka keɓantattu, musamman wani ja. Idan aka rarraba hasken tauraron zuwa launukansa da na'ura, inda ake sa ran ganin baƙin layi sai a ga layi mai haske. Bayan wasu shekaru kwararar gas ɗin takan tsaya, wani ya koma jikin tauraron, wani ya ɓace a sarari, layukan su gushe, har sai an sake wani zubin.

Ba a Achernar aka fara ganin wannan ba. Angelo Secchi, wani limamin coci ɗan Italiya mai nazarin taurari, ya ga irin waɗannan layuka a tauraron Gamma Cassiopeiae a 1866, kuma sai a 1931 Otto Struve ya kawo bayanin cewa juyi ne yake zubar da gas ya yi zobe. Idan kana son ɗalibanka su ji labarin sauyin da ido ya gani, shi wannan Gamma ɗin ne. Ya yi haske ƙwarai a 1937, zuwa 1940 ya dusashe fiye da ninki 3. Daga Kano yana nan ta arewa, shi ne na tsakiya a taurari biyar da suka yi siffar harafin M idan sun ɗaga, kuma a daren da Achernar yake kudu shi ma yana sama. Akwai kuma Pleione a cikin Kaza da 'Ya'yanta, shi ma ɗan wannan rukuni ne, sai dai ana buƙatar madubin hangen nesa na hannu kafin a raba shi da maƙwabcinsa.

Injiniya, Sharaɗa:

Ina da ƙari a kan lambar kashi 35 da aka ambata, domin Malam zai iya cin karo da wata wadda ta fi ta. A 2003 an auna siffar Achernar da na'urorin hangen nesa na Turai da ke dutsen Paranal a ƙasar Chile, ta hanyar haɗa hasken madubai biyu masu nisa da juna su yi aiki kamar madubi ɗaya babba. Sai da wannan dabara, domin tauraron yana nisan shekara 139 na tafiyar haske, kuma a madubi ɗaya ɗigo ne kawai. Sakamakon ya nuna ƙugu ya fi da kashi 56 cikin 100. Wannan ya tayar da muhawara, saboda lissafi ya nuna tauraron da nauyinsa ya taru a cibiya ba zai wuce kashi 50 ba, a nan ne ƙugu yake fara rabuwa da jiki. Daga baya aka fahimci cewa gas ɗin da ke kewaye da shi ya shiga cikin awon ya ƙara masa faɗi. Da aka sake aunawa a shekarun da babu faifan, sai aka samu kashi 35, aka buga a 2014. Har yanzu tsofaffin rubuce-rubuce suna ɗauke da ta farkon, don haka a riƙa duba shekarar da aka yi rubutu.

Malamin Fizik, Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na san tabbas wani ɗalibi zai tambaye ni abin da ya sa shi wannan gudu tun farko, da kuma ko wata rana zai tarwatse saboda shi. Malama, wane lokaci ne kuma ya fi kyau in fita da su?

Tsohon Ɗalibin Kimiyya, Kabuga:

Malam, ba zai tarwatse ba. Ƙugu ne kaɗai yake kusa da iyaka, kuma duk gas ɗin da ya fita yana tafiya da wani kaso na ƙarfin juyin, ta haka tauraron yake rage wa kansa. Abin da yake zubarwa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da nauyinsa, wanda ya ninka na rana kimanin sau 6.

Game da asalin gudun, masana suna kawo hanyoyi uku ga taurarin Be gaba ɗaya. Akwai wanda aka haife shi da shi, domin gajimaren gas da ya dunƙule ya zama tauraro yana ƙara saurin juyi yayin da yake tsukewa. Akwai wanda abokin zamansa ya zuba masa gas ya ƙara masa gudu, kamar Phi Persei, wanda har yanzu ana ganin ragowar abokin nasa ƙarami mai tsananin zafi a gefensa. Akwai kuma wanda tsufa ya kai shi iyaka, wato cibiyarsa tana tsukewa tana miƙa juyi zuwa waje, jikinsa kuma yana faɗaɗa, sai jan nauyi a ƙugu ya raunana. Achernar yana da aboki mai nauyin rana kusan 2, yana kewaya shi cikin kimanin shekara 7, amma tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa a ce shi ya zuba masa gas, don haka ni na fi karkata ga ta farko da ta uku a kansa.

Ka kuma gaya musu cewa irin wannan tauraro ba ya daɗewa. Yana fitar da hasken da ya ninka na rana fiye da sau 3,000 alhali makamashinsa ninki 6 ne kawai, shi ya sa rayuwarsa ta miliyoyin shekaru ce, ta rana kuwa kimanin biliyan 10. Nauyinsa bai kai na masu fashewa ba, waɗanda suke farawa daga wajen ninki 8, saboda haka zai kumbura ya yi ja, ya zubar da ɓawonsa, cibiyar ta rage ƙaramin farin tauraro.

Malama Mai Duban Sama, Tarauni:

A farkon Disamba yana kai ƙololuwarsa da misalin ƙarfe 9 na dare, zuwa ƙarshen wata kuma jim kaɗan bayan isha'i, wanda ya fi sauƙi ga yara. Kada tsayin Dala ko Gwauron Dutse ya ja ka, domin idan ka fuskanci kudu daga can fitilun gari ne a gabanka. Gara fili a kudancin birni, wajen Kumbotso ko kan hanyar Zariya, inda babu gini ko bishiya a gaba. Ka duba sama tun da la'asar, idan hazo ya yi kauri har ana iya kallon rana ba tare da ta kashe ido ba, ka ɗage fitar zuwa wani dare. Idan sama ta washe ba za ka ɓata ba, domin babu wani tauraro mai haskensa a wannan yanki na kudu, sai tauraron Suhail, wanda Turawa suke kira Canopus, da zai fito ta hagunsa, wato kudu maso gabas, wanda ya fi shi haske kuma bai kai shi shuɗi ba.