Fitilar da ta dace da babban tankin murjani

Da masu kiwon murjani a ruwan gishiri suka tattauna kan fitila, sun yi ittifaƙi a abu ɗaya: a fara sanin irin murjanin da za a zuba kafin a je kasuwa. Yawancin murjanin da ake kiwo yana samun galibin abincinsa ne daga ƙwayoyin gansakuka da ke zaune cikin jikinsa, su kuwa sai da haske. Ana auna hasken da ma'aunin PAR, wato yawan hasken da gansakukar ke iya amfani da shi wajen haɗa abinci. Murjani mai taushi yakan wadatu da 50 zuwa 150, amma mai tauri irin Acropora yana son 200 zuwa 400.

Gardamar ta fi zafi kan nau'in fitila. Metal halide, fitila mai ƙwai mai tsananin haske, tana kai haske har ƙasan tanki mai zurfi, sai dai tana ɗumama ruwa tana cin lantarki. LED ba ta da wannan zafin, amma takan bar inuwa ƙarƙashin rassan murjani, shi ya sa wasu ke haɗa ta da T5, fitila mai dogon ƙwai siriri kamar bututu, wadda ake canza ƙwayayenta kusan duk shekara. A ganina haɗin ya fi.

Sabuwar fitila kuma a riƙa ƙara ƙarfinta kaɗan-kaɗan cikin makonni, in ba haka ba murjanin ya yi fari.