Gini gindin dutsen Kwatarkwashi, akwai tsoron girgizar ƙasa?

Ɗan Kwatarkwashi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin ƙasa ku taimaka min. Na samu fili nan gindin dutse ina son in aza harsashi bayan damina, to amma tunda anka yi girgizar ƙasar Maroko a 2023 munka ga hotunan ƙauyukan bisa duwatsu sun rushe kaf, maiɗakina ta kafe wai ita ba ta zama ƙarƙashin dutse da ɗiya. Ni ma gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Shin dutse shi ka jawo girgiza? Kuma an taɓa yinta nan kusa da mu?

Ɗan Anka:
Wa alaikumussalam Malam. Ni ilimin ƙasa da duwatsu na karanta, bari in faɗi abin da na sani. Dutse ba shi kawo girgiza don kawai shi dutse ne. Abin da ka kawo ta shi ne tsaga can ƙarƙashin ƙasa, ɓangare biyu na matse juna shekara da shekaru har wata rana ɗaya ya zame. Duwatsun Atlas na Maroko har yanzu ana matsa su saboda farantin Afirka (wato ƙaton ɓangaren ɓawon duniya da Afirka ke zaune bisa) na turo na Turai, shi ya sa ta ranar 8 ga Satumba 2023 ta kai maki 6.8 a ma'aunin ƙarfin girgiza ta kashe mutane kusan 3,000, kuma da dare ta zo wajen ƙarfe 11 mutane na cikin ɗakunan ƙasa, duwatsu sunka gangaro sunka toshe hanyoyi masu ceto ba su iya shiga ba.

Namu na Kwatarkwashi ba irinsu ba ne. Tsohon dutse ne ƙwarai na ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ba mai aman wuta ba, kuma Najeriya na tsakiyar faranti ne nesa da bakin da ake karo. Amma ba zan ce maka babu komai ba, don muna da tsofaffin tsagogi. Akwai wadda ta bi ta Anka ta sauka Yawuri har Iseyin ta jihar Oyo, akwai kuma ta Kalangai zuwa Zungeru zuwa Ifewara. Zinarin da ake haƙa a Anka da Yawuri ma yana da alaƙa da wannan tsagar, ta nan ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tun da can. Tsagogin nan sun yi kamar tsohon karaya da ya ɗore, yakan ɗan motsa amma ba kullum ba.

An ji motsi a Ijebu Ode 1984, a Kwoi ta kudancin Kaduna a Satumba 2016 har bangaye sunka tsage mutane sunka firgita, sannan Mpape ta Abuja a Satumba 2018 da kuma 2024. Duk ƙanana ne, na Mpape wajen maki 3. Kada ka ga 3 da 6.8 ka ce ninki biyu ne kawai, ƙarin maki ɗaya ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Cikin manyan da anka yi a Afirka ta Yamma akwai ta Accra 1939 da ta ƙasar Gini a Disamba 1983 wadda ta kashe ɗaruruwa. Akwai cibiya a Toro ta jihar Bauchi da ke sa ido kan wannan harka.

Baba Birkila Gusau:
Ɗan Anka Allah shi ƙara basira. Ni dai ɗana abin da nika ce maka, bar girgiza tukun, je ka tsaya cikin filin ka ɗaga kai. In akwai ƙaton dutse da ya zauna bisa wani, ko ka ga itace ya tsiro cikin tsagarshi, ko ka iske manyan duwatsu warwatse cikin filin, to daga bisa sunka zo, wani na iya biyo su. Ruwan Agusta kaɗai na iya kwashe ƙasar da ta tallafe shi. Ka duba hanyar ruwa kuma, dutse ba shi shan ruwa, duk abin da ya sauka bisa nai gindi ya ka zubowa, na ga katanga sabuwa fil da ruwa ya cinye ƙarƙashinta damina guda.

Sannan ginin kansa. Mutanenmu buhun siminti guda za a buga bulo fiye da ƙima, ka murza da hannu ya zube, ba fila a kusurwa, linta bisa ƙofa da taga kawai. Irin wanga gida ko tirela ta wuce sai ya yi tsaga. Ka sa fila da rodi kowace kusurwa, linta ta zagaye ginin duka ta ɗaure shi, kuma kada rabin harsashi ya hau dutse rabi bisa cikon ƙasa, nan ne bango ka rabewa.

Hajiya 'Yar Yawuri:
Baba ya yi gaskiya. Ni abin da ke damuna masu fasa dutse da nakiya. Gidan yayata kusa da wurin fasa dutse yake, in sun tashi nakiya kwanonin kicin har ƙara suke, filastan ɗaki ya tsattsage, yara su ruga waje suna kuka. Ko a Mpape ai sai da hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci a 2018. Malam ka bincika ko akwai masu fasawa kusa kafin ka zuba kuɗinka. Kuma kada ka ga laifin matarka, uwa ce, ka kai ta ta ga filin da idonta ku yanke tare.

Ɗan Kwatarkwashi:
Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Baba akwai wani ƙaton dutse ta gabas da filin, ban taɓa lura ko daga bisa ya faɗo ba. Ɗan Anka, in na ɗauko hoto za ka iya ganewa?

Ɗan Anka:
Turo Malam, ka ɗauko har da saman da ke daidai filin da gindin dutsen inda ya taɓa ƙasa. Amma hoto ba ya isa, ka tambayi tsofaffin unguwar ko sun san lokacin da ya sauko, kuma ka samu injiniya ya taka wurin kafin a haƙa harsashi.