Keken saƙa da kuɗin adashi: tsohon ƙarfe ko sabon roba?

Maman Hanan, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashi, sefa dubu 150, kuma na ɗaura niyyar sayen keken saƙa kafin hunturu ya kankama. Na iya saƙar hannu, hula da safa na jarirai nake yi, amma saiti guda sai ya cinye min kwanaki. Keke biyu ne a gabana. Wata mata a unguwarmu tana da tsohon Brother KH-860 na marigayiya surukarta, na ƙarfe, mai allura 200 da kati mai huji na fitar da ado. Dubu 90 ta ce. Ya daɗe a ƙarƙashin gado, kan keken, wato abin da ake turawa hagu da dama a kan alluran, da ƙyar ake tura shi, kuma babu abin nan da ake ɗaurawa a gabansa don saƙa bakin hannu da wuya. Ɗayan sabo ne, Silver Reed LK150 na roba, ɗan uwan maigida zai taho min da shi daga Duwala a kan dubu 140 har da kuɗin mota. Kayan jarirai nake so, da suwaitar 'yan makaranta in Allah ya buɗa. Wanne zan ɗauka? Matar ta ba ni zuwa Juma'a.

Ummu Sadik, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ni dai in ni ce, keken ɗinki zan saya, shi ba shi da lokaci. Sanyin Garwa na kwana nawa ne? Disamba da Janairu, ana shiga Maris ko jariri ka sa wa hula sai ya cire ta ya jefar.

Ladi, Ngaundere:
Adda Ummu, ba keken ɗinki ta tambaya ba ai. Kuma Kamaru ba a Garwa ta tsaya ba. Mu nan a kan tudu damina ma sanyi muke sha, watan Agusta da safe yaro ba ya fita makarantar allo ba riga mai kauri. Haka Mokolo. Maman Hanan, kafin ki dubi keke ki fara zuwa kasuwa ki ga wane zare ne ake samu kullum. Tsakanin allura da allura a Brother ɗin milimita 4.5 ne, siririn zare yake ci, irin wanda ake naɗowa a kon, wato dogon kwali mai tsinin kai. Na robar 6.5 ne, shi ne ke cin ulun dunƙule da kike saƙar hannu da shi. In kika tura ulu mai kauri a Brother, sai dai ki riƙa tsallake allura ɗaya, kuma duk da haka kafaɗarki za ta gaya miki.

Baban Auwal mai gyaran keke, Garwa:
Hajiya, taurin nan da kika ce, sau da yawa ba lalacewa ba ce. A ƙarƙashin alluran akwai wata doguwar sanda mai soso a jikinta, ita ke danne su. Ki sa bakin sukundireba ki tura ta daga gefe, za ta fito ta ɗaya gefen. In kin ga soson ya kwanta ko ya zama gari, to ga ciwon. Ana kankare tsohon, a manna sabon soso mai faɗi daidai, a lulluɓe samansa da siririn ƙyalle don kada allura ta yage shi. Wajen mayarwa soson ya kalli ƙasa, kina danne alluran da yatsa kina turawa. Kada a ƙara tura kan keken kafin a yi wannan, allura zai karya. Sai tsohon mai da ya daskare a cikin kan, a goge shi a sa man keken ɗinki kaɗan. Ban da man gyaɗa, don Allah, yana danƙo. Ki sani dai kamfanin Brother ya daina ƙera waɗannan kekuna tun shekarun 1990, kayan gyaransu sai na hannu ko na China.

Hajiya Dudu, Kusiri:
Ƙanwata, ki ji daga bakin wadda ta ƙone. Ni ma haka aka ce min, "ɗan gyara ne kawai". Wani dillali ya turo min hoton keke a WhatsApp, yana sheƙi, da akwatinsa. Na yi cinikin biri a sama, na tura dubu 120, kuɗin ɗan kunnen zinarina. Ranar da ya iso na tara 'ya'yana muka buɗe, sai ga kan keken na wani samfuri ne daban, yana hawa amma ba ya zama. Ƙarfen gabansa mai 'yan buroshi, wanda ke danne saƙa, babu shi sam. Matajin farawa ya lanƙwashe, ƙarafan nauyi da ake rataya wa saƙa guda ɗaya tal. Na kira dillali ya ce haka ya zo daga Turai. Kashegari lambar a kashe.
Da a nan ta tsaya da sauƙi. Don ɗoki, tun keke bai iso ba na riga na karɓi aikin suwaita 60 na wata makaranta mai zaman kanta, har sun ba ni kafin alƙalami na sayi zare ruwan bula. Aka haɗa min keken da kayan aro daga hayin Njamena, ya fara aiki, sai ya yi layi ashirin lafiya, na ashirin da ɗaya ya zubar da saƙar gaba ɗaya a cinyata. Ina zaune cikin dare da fitila ina mayar da idon saƙa ɗaya bayan ɗaya a kan allura, hawaye na zuba. Satumba ta zo ban haɗa rabi ba. Mai makarantar ya zo ƙofar gida da kansa, maƙwabta na leƙe. Maigida ya biya, amma har yau in gardama ta haɗa mu sai ya ce "ina labarin masana'anta?" Abokiyar zamana kuwa kwanon tuwo take ɗorawa a kan akwatin.

Ummu Sadik, Marwa:
Innalillahi. Allah ya saka miki Hajiya. Kun ga abin da na ce ko?

Maman Ikram, Gidar:
Allah ya isa tsakaninki da dillalin nan. Amma Hajiya dubu 120? Yayata ta sayo Brother a Kano, da aka juya nairar bai kai sefa dubu 50 ba, da komai nasa.

Zainabu, Njamena:
Dubu 50 a wace shekara? A nan an yi min kuɗin irinsa dubu 200, ba ragi. Kuma LK150 sabo fil a dubu 140 har da mota, ni ban yarda ba. Ko kwaikwayo ne, ko wanda aka yi aiki da shi aka goge aka mayar a kwali.

Maman Ikram, Gidar:
Bara waccan. Sai in yi ƙarya don a ba ni me?

Ɗan Bappa:
Ni dai duk wadda ta saya ta fara da hulata. Sanƙona ya kai inda sanyin asuba a kan babur ke shiga har ƙwaƙwalwa. Awon kai: ƙaramar ƙwarya.

Hajiya Dudu, Kusiri:
Malam mai gyara, ba raini ba, kai keken ɗinki ka sani. Ka taɓa saƙa ko safa ɗaya? Irinku ne suka ce min soso ne, soso ne. Na canza soso, ina ya kai ni?

Baban Auwal mai gyaran keke, Garwa:
Hajiya ban taɓa saƙa safa ba, amma likita ma ba sai ya haihu yake karɓar haihuwa ba. Naki kan keken ne ba nasa ba, soso ba zai gyara wannan ba. Ita kuwa keken yana unguwarsu, za ta iya zuwa ta taɓa da hannunta. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Goggo Asta, Garwa:
Ku bar gardama haka. Ni tun kafin a haifi wasunku nake tura keken nan, a wata cibiyar koyar da mata sana'a na koya, kuma na ƙarfen da na fara da shi yana nan. Da tsohuwar zuma ake magani. 'Yata, ki je da zarenki. Ki fito da alluran duka 200 gaba, ki bi su da yatsa, kowace ɗan harshenta ya buɗe ya rufe da kansa. Wadda ta cije ko ta karkace ki cire ta, ki ɗauko daga can ƙarshe inda ba a cika aiki da su ba. Ki ƙirga kayan cikin akwatin, kada ki ji kunya. Sannan ki saƙa a gabanta, in bai saƙa ba kada kuɗi su bar jakarki.
Abin da ya faru da Dudu, saƙa na zubowa, yawanci rashin nauyi ne a gefe, ko zare ya saki a farkon layi. Ana matso da nauyin sama a kai a kai, ba a barinsa can ƙasa. Ni da nawa suka ɓata, kwaɗon ƙofa biyu na rataya da ƙugiyar waya, har yanzu su nake sawa. Kuma kan keken ya wuce allurar ƙarshe, ki ji ɗan ƙas ɗin nan, kafin ki juyo.
Rashin abin gaban ba zai hana ki kayan jarirai ba. Ki saƙa bakin, ki ninko shi ki rataya idon farko a kan alluran, ya zama kalmasa. Suwaitar makaranta ce dai ke son bakin da ke miƙewa ya koma, ita kam in babu shi za ki sha warwara kina ɗaurewa da allurar hannu. Na robar kuma sam ba a yi masa abin gaba ba, ba shi da kati, duk ado da yatsa za ki jera shi.

Ladi, Ngaundere:
Goggo ta gama magana. In ƙara da na hunturu: in iska ta bushe, ulun roba yana ɗaukar wuta, ki ji yana tsatsa yana manne wa ƙarfe, keke ya yi nauyi ba dalili. Ina yayyafa ruwa a ɗakin, in bi da zaren ta jikin kyandir lokacin naɗi. A rufe keke da zane in an tashi, ƙura da mai in sun haɗu sai su zama laka. Kuma kada ki fara riga ba gwaji: ido 40, layi 60, ki cire ki wanke, ya kwana, sannan ki auna ido nawa ke cikin santimita 10. Kowane sabon zare da nasa gwajin, ko da kala ce kawai ta canza.

Zainabu, Njamena:
Goggo, da girmanki, zamaninku babu gwanjo kamar yanzu. Yau uwa za ta tsugunna gaban tulin gwanjo ta zaɓi suwaitar yaro a sefa 500. Ni in na lissafa zare kaɗai ya wuce haka. Wa zai saya a dubu 3?

Goggo Asta, Garwa:
Mai jego ba ta sa wa ɗanta gwanjo ranar suna. Nan kasuwarmu take.

Maman Ikram, Gidar:
Ranar suna ɗin ce ma matsalar, Goggo. A zo a ce saiti biyu, fari da ruwan hoda, a sa sunan yarinya a ƙirji. Ki hana idonki barci ki gama, a karɓa a ce "zan turo miki ta waya da yamma". Yarinyar da na saƙa wa yanzu tana tafiya da ƙafarta, dubu 7 ɗina ba su zo ba. Ga shi da suna a jiki, ko an dawo da shi wa zan sayar wa?

Ɗan Bappa:
Ki jira a haifi wata mai sunan, ai Fatima ba ta ƙarewa.

Hajiya Dudu, Kusiri:
Dangin miji sun fi kowa. "Ai ke ta gida ce." Zare ma ba sa biya.

Maman Hanan, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je ɗazu da ɗan zare kamar yadda Goggo ta ce. Mun zaro sandar, soson ya zama gari yana bin yatsa, don haka ban tura kan keken ba. Allura 6 sun cije, mataji da nauyi suna nan, katin ado ma yana nan amma ɓera ya taɓa biyu. Sai dai yanzu ta ce dubu 95, wai wata ta taya. Kuma a shagon da nake sayen ulu babu na kon, sai an yi sautu. Baban Auwal, nawa gyaran soson zai ci, kuma za ka iya zuwa ka duba kafin Juma'a? Goggo, a ina kike samun siririn zaren?

Ummu Sadik, Marwa:
Ni fa tun da wata ta cinye min kuɗin ɗinkin sallah, rabi nake karɓa kafin in sa almakashi. Duk wadda ta ji haushi ta kai gaba.

Maman Ikram, Gidar:
Rabi? Gwada faɗa wa ƙanwar mijinki haka, ki ga ko maganar ba ta kai gaban uwarsu ba kafin magariba.

Zainabu, Njamena:
Tawa ta kai har ƙauye. Hajiya Dudu, zaren bula ɗin nan da ya rage miki, yana nan? In asu bai ci ba zan saya, amma ba a kuɗin da kika saye shi ba.