Ƙanƙarar Kudu, Ta Ƙasa Ake Cin Ta

Ɗan Tudun Wada:
Azumi ya kama, ga rana ta take,
Na sayo ƙanƙara, ga zoɓona a jiƙe,
Samanta lafiya lau, gindinta ya narke,
Masana ku taimaka, kaina na ɗaurewa.

'Yar Samaru:
Yaya, can Antatika ma haka abin yake,
Falalen ƙanƙara kan teku a miƙe,
Kauri mita ɗaruruwa, da tudu a sarƙe,
Ta ƙasa ake cin sa, ido bai ganewa.

Akwai ruwan zurfi, mai gishiri, mai nauyi,
Digiri 1 kacal, a wajenmu ai sanyi,
A wajen ƙanƙara wuta ce, ɓarna take yi,
Ƙarƙashin Thwaites, wani ƙaton tudun ƙanƙara, yake kutsawa yana lasawa.

Baba na Ƙofar Doka:
'Yata tsaya, ni ma na sha ruwan randa,
Na ga ƙanƙara tana iyo a cikin moɗa,
Ta narke, ba ɗigon da ya zuba ko guda,
To mene ne na duk wannan firgitarwa?

'Yar Samaru:
Gaskiyarka Baba, amma tuna tirela a gangara,
Waigi ke riƙe da ita, a zare shi ta zabura,
Haka falale yake tokare tudun ƙanƙara,
Ta kan tudu in ta faɗa, teku ke ƙaruwa.

A 2002 wani falale, Larsen B, ya wargaje,
Ƙanƙarar bayansa ta ƙara gudu zuwa waje,
Thwaites in ya ƙare, har Legas ruwan zai je,
Santimita 65 kan teku zai hauhawa.

Malam na Kongo:
Ku ba ni wuri, ni ma in sa nawa baki,
A tekun Weddell da Ross na Antatika sanyi na da wani aiki,
Teku in ya daskare, gishiri bai shiga ciki,
Ruwan da ya rage sai nauyi, sai nutsewa.

Ya bi ƙasan teku, arewa ya nufa,
Ɗauke da iskar da kifin zurfi ke shaƙa,
Ruwan narkewa salam ne, sama yake tsayawa,
Ya tsarma mai nauyin, nutson na raguwa.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, ga ladan can, magariba ta yi,
Saman zoɓona salam, sai dai sanyi,
Zaƙin duk ya kwanta ƙasa don nauyi,
A miƙo min ludayi, sai na sha juyawa.