Alƙali Frankfurter: gatan marasa gata ne ko kuwa?

Malamin Tarihi: Salam jama'a. Jiya na ce Felix Frankfurter yana cikin alƙalan da suka fi tsaya wa mara gata a Amurka, wasunku suka ce ba su yarda ba, to ga ni na dawo. Bayahude ne, an haife shi a Vienna 1882, iyayensa suka yi hijira da shi New York 1894 yana ɗan shekara 12 bai iya Turanci ba sam, a unguwar 'yan ci-rani ta Lower East Side ya tashi, amma 1906 ya gama karatun lauya a Harvard yana sahun gaba a ajinsu. A 1927 da za a kashe 'yan Italiya biyun nan Sacco da Vanzetti shi ya fito ya yi dogon rubutu ya warware shari'ar zare-zare ya nuna ba a yi musu adalci ba, manyan Boston suka juya masa baya saboda haka. Idan wannan ba tsaya wa talaka ba ne to mene ne?

Barista: Wa alaikumus salam Malam. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma lauya Frankfurter ka kawo mana, mu kuma alƙali Frankfurter muke magana a kai. Shugaban ƙasa Roosevelt ya kai shi Kotun Ƙoli 1939, shekara ɗaya tak aka zo da shari'ar Gobitis. Yara biyu ne 'yan gida ɗaya a Pennsylvania, mace da ƙaninta, 'yan ɗariƙar Shaidun Jehobah, suka ƙi sara wa tuta a makaranta saboda a aƙidarsu bautar wanin Allah ce, aka kore su. Wa ya rubuta hukuncin cewa makarantar ta yi daidai? Shi. Alƙalai 8 da 1. Bayan hukuncin nan aka dinga far wa 'yan ɗariƙar a garuruwa, duka da ƙone-ƙone.

Malamin Tarihi: Ai ba ƙin yaran yake ba Barista, ka fi ni sani. Ra'ayinsa shi ne alƙali ba ɗan majalisa ba ne, in zaɓaɓɓu sun yi doka kar kotu ta yi saurin rushewa. Ya ga yadda tsofaffin alƙalai suka riƙa soke dokokin kare leburori da na mafi ƙarancin albashi, shi ya sa ya kame hannunsa.

Barista: Na sani, kuma ina girmama wannan, amma 1943 kotun da kanta ta janye hukuncin a shari'ar Barnette, 6 da 3, shi ya kafe. Har ya buɗe nasa rubutun da cewa shi ɗan ƙabilar da aka fi tsangwama ce a tarihi, kenan ya san zafin, amma a matsayin alƙali shi ba Bayahude ba ne ba kuma wanin Bayahude ba. 1944 kuma ya goyi bayan hukuncin Korematsu, wanda ya ce gwamnati ta yi daidai lokacin da aka kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan aka zuba a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasa ne. Wallahi wannan na kasa haɗiye shi.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri in shigo. Ni duk kun tsallake inda ya fi damuna. Mutumin nan jigo ne a ƙungiyar Sahayoniyya ta Amurka, masu neman a kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, alƙali Louis Brandeis ne ya jawo shi, kuma 1919 yana cikin tawagarsu a taron sulhu na Paris suna neman a saka alƙawarin Balfour na 1917, wanda Birtaniya ta yi na goyon bayan samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu, cikin tsarin mulkin da za a ba Birtaniya a Falasɗinu. To mara gata a can waye? Ƙidayar 1922 ta nuna mutane kusan 757,000 ne a ƙasar, Yahudawa kusan 84,000. Sauran fa, wa ya tambaye su?

Ɗan Jami'a: Hajiya ai Yahudawa duk halinsu ɗaya ne, ba sai an wahalar da kai ba

Hajiya Babba: A'a ɗana, kar ka ɗora min abin da ban faɗa ba. Ni siyasar mutum ɗaya nake tuhuma, ba jinsinsa ko addininsa ba. A wancan lokacin ma akwai Yahudawa manya da suka ƙi Sahayoniyya ƙiri-ƙiri, Edwin Montagu minista ne a gwamnatin Birtaniya kuma Bayahude, shi ya fi kowa yaƙar alƙawarin Balfour a majalisar ministoci. Ka janye wannan maganar don Allah.

Ɗan Jami'a: Na janye Hajiya, a yi min afuwa. To amma ina da tambaya, na taɓa jin wai Larabawa da kansu sun yarda?

Malamin Tarihi: Yauwa nan nake so a zo. A watan Maris 1919 akwai wasiƙar da ta fito da sa hannun Sarki Faisal ɗan Sharif Husaini na Makka, kuma Frankfurter aka rubuta wa. A ciki an ce Larabawa da Yahudawa 'yan uwan juna ne ta jini, ana yi wa Yahudawa maraba da dawowa gida. Kenan mutumin bai je da niyyar korar kowa ba, ya je ya nemi fahimta da shugaban Larabawa na lokacin. Kuma ku tuna abin da ke bayansa, kisan gillar da ake wa Yahudawa a Rasha da Yukren a shekarun nan ba labari ba ne, mutane ne ake yankawa a ƙauyukansu, dole wanda ya fito daga cikinsu ya nema musu mafaka.

Hajiya Babba: Ban musa wahalarsu ba Malam, ko kaɗan, abin tausayi ne. Amma Faisal ɗan Hijaz ne, ba mutanen Yafa ko Nablus ne suka wakilta shi ya ba da ƙasarsu ba. Sannan yarjejeniyar da ya sa wa hannu da Weizmann, jagoran 'yan Sahayoniyya, a Janairun shekarar, da hannunsa ya ƙara sharaɗi da Larabci cewa sai in Larabawa sun samu 'yancinsu, in ba haka ba babu abin da ya hau kansa. An ba su? 1920 Faransa ta fitar da shi daga Dimashƙa da bakin bindiga. Ita kanta wasiƙar masana har yau suna jayayya kan yadda aka rubuta ta da wanda ya tsara kalmomin. Kuma a bazarar 1919 ɗin kwamitin King da Crane da Amurka ta tura ya zaga ƙasar ya ji ta bakin mutane, ya dawo ya ce mafi yawansu ba sa son shirin Sahayoniyya, aka ajiye rahoton sai 1922 ya fito.

Barista: Abin da nake gani kenan, wanda ya ce a kotu a bar masu rinjaye su yanke, a Falasɗinu bai ce a bar masu rinjaye su yanke ba.

Malamin Tarihi: Wannan ta shige ni Barista, ba zan ɓoye ba. Amma kar a manta shi ne alƙalin Kotun Ƙoli na farko da ya ɗauki baƙar fata a matsayin magatakardansa, William Coleman, 1948, lokacin da a Washington ɗin ma akwai gidajen abincin da ba za su bar shi ya zauna ba. Kuma yana cikin tara da suka haɗu baki ɗaya 1954 suka haramta raba makarantun farare da baƙaƙe. Na rage maganata, ba zan ce ya fi kowa ba, amma ba zan cire shi daga sahun ba.

Hajiya Babba: Ni abin da ya tsaya min a rai ma wani ne. 1943 Jan Karski, ɗan Poland ɗin da ya shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw ya gani da idonsa, ya zo Washington ya zauna gaban Frankfurter ya zayyana masa komai, yunwa, gawarwaki a titi, jiragen ƙasa da ake cusa mutane. Frankfurter ya gama saurare ya ce ya kasa gaskatawa. Jakadan Poland da ke wurin ya ce yanzu ƙaryata shi kake? Ya ce ban ce ƙarya yake ba, cewa na yi na kasa gaskatawa. Mutanensa ne fa ake ƙararwa, kuma yana da kunnen shugaban ƙasa.

Barista: Malam gobe in Allah ya kai mu ka zo mana da shari'ar Baker da Carr ta 1962, ta rabon mazaɓu, can ma bai bi masu rinjayen kotu ba kuma a shekarar ciwon shanyewar jiki ya sa ya sauka. Ina da magana a kanta.